Tsinken da Ke Kamo Sakkwato

Rediyon mahaifina ƙirar National ne, mai cin manyan batura huɗu, sanye da rigar fata da wani baduku ya ɗinka masa tun ban san dama da hagu ba. Wata shekara da hunturu ya faɗo daga kan taga. Bai mutu murus ba. In an kunna sai ya yi ta shuuu kamar yayyafi a kan kwano, a yi ta murɗawa, babu Sakkwato babu Kaduna. Tsoho ya kwana uku bai ji labaran duniya ba, gidan ya ƙi yi wa kowa daɗi. Ranar kasuwa aka naɗe shi a tsumma aka ɗora mini, na taso daga ƙauyenmu na wajen Kebbe zuwa Tambuwal, wurin wani dattijo da duk yankin aka yarda da hannunsa.

Rumfarsa ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Teburi ɗaya ne, a kansa akwai mita mai allura da gilashinta ya tsage, sukundireba manya da ƙanana, filaya, tsohon buroshin haƙori, reza, guntun kyandir, da naɗin dalma. A ƙasa kusa da ƙafarsa ga ɗan kasko da garwashi, ƙarfen liƙi na kwance a ciki. Bayansa kuwa maƙabarta ce ta matattun rediyoyi, an jera su har kusa da jinka, kuma daga cikinsu yake zaro abin da zai raya na gaba. Dab da rumfar akwai bencin mai shayi, samari biyar ko shida na buga karta suna gardamar ƙwallon Turai. Tun hantsi na same su a nan.

Na gaishe shi na miƙa. Bai kai hannu ga sukundireba ba tukuna. Sai da ya tambaye ni yaushe abin ya fara, faɗuwa ya yi ko ruwa ya sha, a hankali muryar ta tafi ko farat ɗaya. Ya kara akwatin a kunne ya girgiza, yana sauraron ko wani abu ya ɓalle yana yawo a ciki. Ya buɗe gidan batir ya shinshina, domin batirin da ya yi zawo warinsa ba ya ɓuya, kuma ruwan da yake fitarwa yana cinye sifirin har wuta ta kasa wucewa. Ya gwada baturan ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan tocila da ya ɗaura wa waya. Kowanne sabon batir bolt 1.5 yake bayarwa, huɗu a jere sun zama 6. Rabin rediyoyin da ake kawo masa a nan ciwonsu yake tsayawa, ya kankare sifirin da reza, ya sallami mai shi ko sisi bai karɓa ba.

Namu ya wuce nan. Ya kwance kusoshin baya, duk wanda ya fito sai ya manna shi a jikin maganaɗisun wata tsohuwar lasifika don kada ya ɓace cikin rairayi. Ya share ƙurar hunturu da buroshi, ya hura. Sannan ya yi abin da har yau yake burge ni. Ya kunna rediyon, ya ɗora ɗan yatsansa a kan ƙarfen ƙaramin sukundireba, ya taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara murya da bakinsa. Lasifika ta yi gurnani, buuu. Ya gyaɗa kai.

Da taɓawa ɗaya ya raba akwatin gida biyu. Rediyo aiki biyu yake yi: ɓangare ɗaya ya kamo saƙo daga iska ya tace shi, ɗayan ya ƙara masa ƙarfi ya tura wa lasifika. Maɓallin murya shi ne kan iyakarsu. Jikin mutum na ɗauke da ɗan tarkacen wutar da ke yawo a kewaye da shi, in ya shigar da shi ta nan aka ji gurnani, to daga nan zuwa lasifika lafiya lau, sai a koma baya a nemi ɓarna. In kuwa shiru aka ji, gaba za a duba. Wanda bai san wannan ba sai ya wuni yana cire kayan da ba su yi masa laifin komai ba.

Ya koma baya, ya nuna mini wani baƙin sanda mai kama da gawayi, tsawonsa kamar taƙi guda, kwance a saman fanel, an naɗe shi da waya siririya kamar gashi. Wannan ita ce eriyar matsakaicin zango. Mutane da yawa suna zaton doguwar eriyar da ake zarowa ita ke kamo kowace tasha, alhali ta gajeren zango ce da FM. Sakkwato da Kaduna ta cikin baƙin sandan nan suke shigowa, shi ya sa za ka ga tsoho yana juya akwatin gaba ɗaya a kan tabarma har murya ta washe. Sandan yana jin tasha sosai in ya ba ta gefensa, in ya nuna ta da tsininsa sai ta dushe. Dattijon ya bi wayoyin nan huɗu da tsinke ɗaya bayan ɗaya, na ukun ya taso a sake. Faɗuwar nan ce ta tsinke shi.

Liƙin bai ɗauki minti biyu ba, amma shirinsa ya fi haka. Wayar tana da wani shafi a jiki mai hana wuta fita, kuma dalma ba ta kama shi, dole a kankare. Ya kwantar da bakin wayar a kan farcensa ya shafa reza sau uku ko huɗu, a hankali, don in ya danna ta guntule, kuma babu rarar da za a ƙaro. Ya zaro ƙarfen daga garwashi, ya goge bakinsa a jiƙaƙƙen tsumma, ya kawo shi kusa da kumatunsa ya ji zafin. In ya yi sanyi dalma za ta dunƙule kamar kashin awaki, ta yi kamar ta kama, bayan wata guda ta saki. In ya yi zafi da yawa sai ya ɗago siririn jan ƙarfen da ke shimfiɗe a fanel. Ya fara shafa wa wayar dalma ita kaɗai, ya shafa wa mazauninta, sannan ya haɗa su ya taɓa sau ɗaya. Ɗan hayaƙi mai ƙamshin ƙaro ya tashi. Wurin ya fito sumul yana ƙyalli.

Ya kunna. Can ƙasa-ƙasa aka ji wata murya, kamar mai magana daga cikin rijiya, kuma ba a inda ta saba zama a kan layi ba. Ya sa tabarau ya sunkuya, ya daɗe yana kallon wasu ƙananan gwangwanaye huɗu masu kusurwa huɗu, kowanne da ɗan dunƙule mai launi a tsakiyarsa: ja, rawaya, fari, baƙi. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ab buɗe shi kahin ka kawo?"

"Ni ne, Baba. Na ga kamar kusoshin sun kwance, sai na ɗaure su."

"Awo. Ka ɗaure su da kyau kuwa."

Samarin benci suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce waɗannan ba kusoshi ba ne, kuma ba ya taɓa su sai an yi magariba, in nemi wurin kwana. Ina da gwaggo a garin, don haka na zauna.

Zaman jiran nan ne ya sa na karanta gilashin gaban rediyonmu a karon farko, bayan shekaru ina kallonsa. Layi uku ne: MW na matsakaicin zango, SW1 da SW2 na gajeren zango. Babu FM ko alama. Wannan gilashi kusan tarihin rediyo ne a ƙasarmu. Kafin irinsa, abin da aka sani a manyan garuruwan Arewa akwati ne da ake jawo masa waya daga ofis, kamar yadda ake jawo wutar lantarki, mutum ya biya kuɗin wata, ba ya zaɓen tasha, abin da aka turo shi zai ji. Kano ta sami nata a 1944. Irin wannan waya ba ta da hanyar zuwa Kebbe. Ƙauye ya shiga harkar ne lokacin da rediyo mai batir ya yi arha, ya zo ya tarar da Hausa ta riga ta hau iska: BBC ta fara sashen Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, a 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. A wancan zamani mutanen wajenmu suna da wani dalili na musamman na riƙe Kaduna: in azumi ya kama, tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello ake sakawa, shi kuwa mutumin Gummi ne, maƙwabtanmu na gabas.

Sakkwato tana da reshen gidan rediyon tarayya tun tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. A 1978 gwamnatin soja ta sake fasalin harkar, ta kafa FRCN, sabon gidan rediyon tarayya, ta miƙa wa jihohi tashoshin da ke garuruwansu, da sharaɗin su tsaya a matsakaicin zango, gajeren zango ya zama na tarayya. Daga wannan rabo Rima Radio ta zama ta jiha, da sunan gulbin da ya ratsa ƙasar, tana zaune a 540 a kan layin MW, can farkon layi ta hannun hagu. Jihar Sakkwato ta lokacin ba ƙarama ba ce, ta haɗa da abin da ya zama Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Murya ɗaya ake so ta kai Argungu, ta kai Gusau, ta kai Yawuri. FM ba zai iya wannan aiki da turke ɗaya ba.

Dalilin yana cikin tsawon zangon. Igiyar 540 tsawonta ya kai mita 555, irin wannan kuwa bin ƙasa take yi, tana lanƙwasa tare da doron duniya, ta haye tudu ta gangara kwari. Ta fi son ƙasa mai laima, shi ya sa ake kafa turakunta a fili, a binne wayoyin jan ƙarfe a kewaye kamar saiwoyi, kuma dogon ƙarfen da ake hangowa shi kansa ne eriyar. Igiyar FM kuwa ba ta wuce mita 3 da 'yan kai ba, tafiyar haske take yi, inda turke ya daina hango ka nan ta fara barinka. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal, in ka bi ta Bodinga da Shagari, kimanin kilomita 100 ne, Kebbe kuma tana gaba. A irin wannan nisa FM sai da dabara, a ɗaura waya a gora a ɗaga sama da soro. AM kuwa, irin ta layin MW, a ƙarƙashin gawo a bakin gona za ka aje shi ya yi magana. Yana da nasa aibin. Duk wani tartsatsin wuta yana shiga cikinsa, filogin babur, janareta, cajar waya ta banza, ƙwan sola. Amma manoma sun mai da aibin amfani: da bazara, in rediyo ya fara ƙaras-ƙaras alhali sama tas take, sun san ana walƙiya a wani wuri, hadari na tafe.

Abin da ke fitowa daga akwatin ma ya sauya kama sau da yawa a idon dattijon nan. Da can rediyo yana da lokacin buɗewa da na rufewa, a fara da karatun Alƙur'ani, a yi labarai, sanarwar gwamnati, shirin manoma, sanarwar rasuwa da cigiya, sannan a sako faifan Narambaɗa ko Ɗankwairo ko Ɗan Anace. Wanda yake son a ji sunansa sai ya sayi katin zaɓi sonka, ya cika da sunayen 'yan'uwa da abokai, ya ba direban da zai shiga birni, ya zauna sati guda ko biyu yana kasa kunne. A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, daga baya Sakkwato ta sami su Vision da Garkuwa, Rima ita ma ta yi FM ɗinta a 97.1. Wayar hannu ta kashe katin gaisuwa, yanzu mutum daga Kuchi ko Dogon Daji bugowa yake yi kai tsaye ya faɗi ra'ayinsa a kan taki ko siyasa.  Injin AM mai cin wuta ne ƙwarai, ga tsadar gas, don haka gidajen rediyo da yawa a ƙasar nan suka fi karkata ga FM, wayoyin hannu kuma FM kaɗai suke kamawa.

Dattijon ya ɗauko wani sabon rediyo irin su Kchibo daga gefe ya buɗe mini. Yana da tocila, da ramin memori, da wurin caji. Cikinsa kusan fayau, wata 'yar baƙar aisi ce guda ɗaya take yin aikin da gwangwanayen nan huɗu suke yi. Ba ya raina su, su ne abincinsa yanzu: ya canza bakin caji, ya liƙa waya, ya sauya lasifika. Sai dai in aisin ta ƙone babu abin saitawa, sai a jefa shi kan tulin baya. Na tambaye shi ko yana da yaron da yake koya wa. Ya ce ya yi uku, duk sun koma gyaran waya, kuma bai ga laifinsu ba. Bai kalli bencin mai shayi ba da yake faɗin haka, ni ne na kalla. An sake raba karta.

Da aka idar da magariba ya kunna fitila ya jawo rediyon. Jiran yana da dalili. Can sama akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa. Da rana ƙasan rufin yana shanye igiyar matsakaicin zango, in rana ta faɗi sai wannan shimfiɗa ta watse, na samanta ya riƙa maido da igiyar ƙasa kamar madubi. Shi ya sa da dare layin MW yake cika da Larabci da Faransanci daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba. Injiniya a birni yana da na'urar da ke ba shi sautin gwaji a duk lambar da ya so. Dattijon ba shi da ita. Tashoshin su ne ma'auninsa, yana bukatar ɗaya a farkon layi, ɗaya a ƙarshe, kuma ta ƙarshen sai dare take zuwa.

Ya ajiye sukundireba gefe, ya zaro wani tsinken gora da ya fiƙe bakinsa ya yi faɗi. Ƙarfe ba ya shiga nan. Kusantarsa kaɗai tana karkatar da saiti, kana cire shi tasha ta gudu, ga shi yana fasa dunƙulen, wanda da irin baƙin sandan nan aka yi shi. Na gode Allah nawa ɗaurin bai fasa ko ɗaya ba.

Hikimar gwangwanayen ita ce: kowace tasha rediyo ya kamo, ko 540 ce ko 594 ta Kaduna, sai ya fara juya ta zuwa lamba ɗaya tak, 455, sannan ya tace. Jan shi ke yin juyin. Rawaya da fari da baƙi ƙofofi uku ne a jere, dole kowace ta buɗe daidai 455, in ɗaya ta karkace murya ta ragu, in duka suka karkace sai rijiyar da muka ji da rana. Ya nemo muryar nan mai rauni, ya rage sauti har sai ya kara kunne, domin kunne ya fi gane ƙaruwa a cikin ƙaramin sauti, kuma rediyo yana da dabarar danne tasha mai ƙarfi da kansa, wadda ke ɓoye bambancin. Ya fara da baƙin. Juyi kaɗan, bai kai kwata ba, ya tsaya. Ya ƙara. Murya ta taso, ta taso, ta fara komawa, ya dawo baya kaɗan ya bar ta a ƙololuwa. Ya koma fari, ya koma rawaya, ya sake zagayowa tun daga baƙi, saboda taɓa ɗaya yana ɗan motsa ɗan'uwansa. Sau uku ya yi zagayen. Idonsa a rufe yake yawancin lokacin.

Saura a mai da kowa gidansa. Ya murɗa allura ya tsayar da ita daidai 540, wurin da babu komai sai shuuu, ya sa tsinke a jan dunƙule yana juyawa sannu, yana jawo tashar zuwa wurin allura. Sai ga ta ta shigo, mai sanarwa na karanta saƙonni da Sakkwatanci tsantsa, kamar yana zaune a kan benci tare da mu. Ya matsa gaba kaɗan, Kaduna na nan inda take. Ya zarce can ƙarshen layi ya kamo wani Balarabe, ya gyara shi da wasu ƙananan kusoshi biyu da ke bayan abin murɗa tasha, ya dawo farko ya duba ko Sakkwato ta gusa. Ta ɗan gusa. Ya mai da ita, ya sake komawa ƙarshe. Haka ya yi ta safa da marwa har gefe biyun suka daina jan juna.

Abu na ƙarshe, ya sa yatsa biyu ya tura naɗin wayar nan a kan baƙin sanda, gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai gyara zobe, har ya sami inda murya ta fi cika. Ya kunna guntun kyandir ya ɗiga ɗigo biyu a wurin don kada ya sake motsi, ya ɗiga ɗaya-ɗaya a kan gwangwanayen. Ya ɗebo kusoshi daga jikin maganaɗisu, ya rufe, ya mai da rigar fata, ya ɗaure maɓallinta.

Kuɗin da ya faɗa bai kai na motar da na biya ba. Da zan tashi ya riƙe hannun rediyon, ya juya shi a kan teburi har ya ba arewa faɗin fuskarsa.

"Ka ce ma tsoho haka za ya aje shi. Kai kuma in ka ga ɗigon kyandir, ka bar shi."